Takardar 'Yata da Na Danne

Shekara talatin ba kaɗan na yi a ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikatar gwamnati a nan Jalingo. In aka tambaye ni abin da na ƙware a kai, ba zan ce rubutu ba, ko da yake hannuna yana da kyau. Abin da na ƙware a kai shi ne kashe magana ba tare da na ce a'a ba. Mutum ya zo da takardarsa, ka karɓa da hannu biyu, ka tambayi lafiyar iyali, ka ce masa ana dubawa. Ya dawo wani mako, ka ce oga ya yi tafiya. Ya sake dawowa, ka ce saura hatimi. A haka zai gaji don kansa ya daina zuwa, kuma in kun haɗu a kasuwa shi zai fara gaishe ka, domin ba ka taɓa ɗaga masa murya ba. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, a ofis na tarar da shi tare da kujerar da aka tokare ƙafarta da bulo. Laifina shi ne na kai shi gida, na yi wa 'yar cikina.

Ita ce ta fari a cikin huɗu. Tun tana firamare malamai suke tare ni a hanya suna cewa in kula da yarinyar nan, ni kuwa in gyara wuyan riga in ce gado ne. Ba gado ba ne, domin ni da lissafi ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba. A unguwar Majidaɗi muke zaune a lokacin, gidan haya mai ɗaki biyu, kuma duk hutu uwarta takan tura ta garin Mutum Biyu wurin kakanninta. Kakan yana da awaki da 'yan shanu da wani maƙwabcinsa Bafulatani yake kiwata masa. Yarinya ba ta da aiki sai binsu, tana buɗe bakin akuya tana leƙawa, tana tambayar me ya sa wannan take zawo waccan ba ta yi. Wata shekara ciwo ya shigo ya kwashe awakin tsohon cikin mako guda. Ta dawo Jalingo, ta ce ita likitancin dabbobi za ta karanta. Na yi dariya, na ce mutane ma ba su sami likita ba balle akuya. Ita ba ta yi dariya ba, kuma ba ta sake canza magana ba har ta gama sakandare.

Da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, ita ce ta ɗaya a makarantarsu, da rata mai yawa. Ranar Lahadi Pasto ya tsayar da mu a gaban jama'a aka yi mana tafi, matata tana share ido da bakin zane. Ba a daɗe ba takardu biyu suka zo ta imel, ta je kafe ta buga su ta kawo mini. Dukansu daga jami'o'in gwamnatin wasu jihohi ne, kuma dukansu tallafin karatu suke bayarwa ga ɗaliban da suka yi fice.

Ta farko tana can kudu maso yamma, tafiyar kwana biyu a mota in hanya ta yi kyau. Sun ba ta likitancin dabbobi, abin da take so. Sun ɗauke mata kuɗin makaranta gaba ɗaya da na ɗakin kwana, har ta gama, da sharaɗi ɗaya tak, kada makinta ya sauka. Ba su tambayi ko 'yar wace jiha ce ba. Ta biyu tafiyar wuni ɗaya ce daga nan. Rabin kuɗin makaranta suka ɗauke, kuma sun rubuta cewa duk shekara za a sake duba maganar. Ba su ba ta likitanci ba, kimiyyar dabbobi suka ba ta, wato karatun sanin halittarsu, wanda mai shi ba ya da ikon duba ko kaza marar lafiya. Yaron firamare ma in ka ajiye masa takardun nan biyu zai nuna maka wadda ta fi. Amma a jami'ar ta biyu akwai wani tsohon abokin aikina da muka yi shekara tara a teburi ɗaya kafin ya koma jiharsu ya sami babban matsayi a ofishin rajista. A ta farkon kuwa ban san ko mai gadi ba.

Saboda shekarunta ba su kai sha takwas ba, takardar jami'ar nesa tana buƙatar sa hannun uba ko mai riƙo, a mayar musu cikin mako uku. Abin da ya rage ke nan, sa hannuna.

Na ce mata wannan ba abin gaggawa ba ne, sai an yi nazari. Washegari na ɗauko sabon bangon fayil daga ofis, kore, na huda takardun na zura musu igiya, na rubuta batun a sama da manyan baƙaƙe. Na raba farar takarda gida biyu, na nesa a dama, na kusa a hagu, ina rubuta amfanin kowace da jan biro. Matata ta leƙo daga kicin ta ce, "Baban yara, yanzu mu ma sai mun rubuta wasiƙa kafin mu gan ka?" Yara suka kwashe da dariya, har da mai takardar. A makon farko abin wasa ne a gidan.

Ɓangaren dama ya cika har na juya baya. A hagu layi uku ne kawai: kusa da gida, abincinsu irin namu, muna da mutum. Sai dai layin nan na uku ya fi mini duk sauran nauyi, kuma sai na faɗi dalili, ba don in wanke kaina ba.

Ina ɗan shekara talatin da wani abu aka yi mana jarrabawar ƙarin girma a ma'aikata. Ni na zo na ɗaya, da idona na ga takardar, tunda ni na sa ta a fayil. Da sunaye suka fito, wanda ya zo na bakwai aka ɗaga, domin yayan matarsa yana cin abinci da wani babba. Na yi shekara biyar a mataki ɗaya ina gaishe shi da "ranka ya daɗe". Daga ranar na daina yarda da kalmar cancanta. Duk inda na ga an rubuta ta, sai in fara neman sunan da aka ɓoye a ƙarƙashi. A saninmu, takarda ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta an kai ta, kuma mai ɗaukar dole ya zama naka.

Don haka na kira lambar da ke ƙasan wasiƙar jami'ar nesa. Wata mata ta ɗauka, ta yi mini bayani da Turanci a natse, ta ce in sa hannu kawai a turo. Na ce mata na gane, amma wa zan gani idan na zo? Ta ce ba sai na zo ba. Na rage murya kamar yadda muke yi a ofis, na ce ina nufin wane ne yake riƙe da maganar, don in san wanda zan gode wa. Ta ce babu wanda zan gode wa, makin yarinyar ne ya kawo ta. Na kashe waya. Da ta ce mini in nemi wane in kai masa ɗan wani abu, da na kwanta hankali kwance, don wannan yaren na iya shi.

Abokina kuwa da na kira shi, tun kafin in gama bayani ya katse ni. "Kawo ta kawai, ina nan. Kimiyyar dabbobi, likitan dabbobi, ai duk dabba ne. Ta yi shekara ɗaya, ni zan juya mata kwas da hannuna. Sikolashif ɗin ma za mu ga yadda za a cika shi. Ko ka manta wanda kake magana da shi?" Muka yi dariya irin ta da. Muryar da na sani ce, kuma ta yi mini daɗi.

Ranar Lahadi ta biyu, bayan an tashi daga coci, na hau keke napep na tafi ƙauyen Kona wurin yayana. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne babba, kuma a gidanmu ba a aurar da 'ya ko a tura ta wata ƙasa ba tare da an kai masa magana ba. Na same shi a ƙarƙashin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Yadda na jera masa maganar ma ya isa: na fara da nisan hanya, na bi da cewa ba mu da kowa a can, sai a ƙarshe na ambaci tallafin a gurguje, kamar wanda yake faɗin kuɗin mota. Ya ajiye fartanya ya ce, "Yarinya ƙarami haka za ka tura shi ƙasan da ba mu san kowa ba? In ya yi ciwo wa zai kai shi asibiti? Allah ya kiyaye, in wani abu ya faru, wa zai kawo mana shi gida?" Na sunkuyar da kai na ce gaskiya ne, Yaya. Abin da na je nema ke nan, kuma na samu. Mutumin kirki ne wanda bai taɓa wuce Wukari ba, na kai masa rabin labari ya yanke hukunci a kai, na dawo gida ina cewa manya sun yi magana.

A cikin makon ne wata mata ta yi sallama a ƙofar gidanmu da yamma. Gwauruwa ce mai sayar da doya a kasuwa, cocinmu ɗaya, kuma 'yarta ita ce ta zo ta biyu a ajin 'yata. Jami'ar nan ta nesa ta aiko wa yarinyar irin wasiƙar, a fannin haɗa magunguna. Matar ba ta karatu, shi ya sa ta kawo mini, tunda a unguwa ni ne mutumin takarda. Ta ce, "Oga, ka duba mini, kar su cuce ni. An ce wai kyauta ne." Na karanta mata daga sama har ƙasa, na fassara. Ta ce to me na gani? Na ce, "Mama, ki sa hannu. Takardar gaskiya ce, ba abin da za ki rasa." Ni na ɗauko tawadar hatimi daga jakata, na kama babban yatsanta na dangwala mata a inda ya dace. 'Yata tana tsaye a bakin ƙofa da bokitin wanki, duk a kan idonta aka yi.

Da matar ta tafi, 'yata ta ajiye bokitin ta zo ta tsuguna a gabana. Yarinya ce mai kunya, ba ta saba kallon idona ba, amma ranar ta kalla.

"Baba, ka ce mata takardan gaskiya ne."

Na ce nata daban, naki daban. Ita ba ta da wani zaɓi, ke kina da shi.

"Amma Baba, wancan ba su ba ni kwas ɗina ba. In abokinka ya bar wurin fa?"

Na ce mutum mai matsayi irin nasa ba ya barin wuri haka kawai, kuma ni na fi ta sanin yadda duniya take tafiya.

Ta ce a hankali, "Su waɗannan sun ba ni ne don na ci. Ba don sun san ka ba."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba, ƙoƙari take ta kwantar mini da hankali. Amma maganar ta soke ni a inda ban taɓa nuna wa kowa ba. Na tashi na yi ta faɗa, na ce wato yanzu ta yi ilimin da za ta gaya mini ba ni da amfani, na lissafa mata wahalar da na sha tun tana goye, har maƙwabta suka leƙo. Yau da na tsufa zan iya faɗin abin da ban iya faɗa ba a lokacin. Tsoron nisa gaskiya ne, ina da shi. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu mai muni: abu mafi girma da ya taɓa shigowa gidana ya shigo ba ta hannuna ba. Shekara da shekaru ina tara sanayya, ina zuwa bikin wannan da jana'izar wancan, ina gaishe da waɗanda ban ƙauna, duk don ranar da 'ya'yana za su buƙaci hanya. Ranar ta zo, sai aka ce ba a buƙatar hanyata. Na ji haushi, kuma a kanta na huce.

Duk da haka ban ce mata a'a ba. Wannan nake so a riƙe, don da shi na yi ta kare kaina shekaru da yawa. Da na ce a'a, da ta kai ƙara wurin Pasto, ko shugaban makarantarsu ya zo gida, ko uwarta ta tayar da ƙura, wataƙila da an rinjaye ni. Na san haka, shi ya sa na bi hanyar da na iya. Da safe ta tambaya, in ce ina dubawa. Da yamma ta tambaya, in ce akwai wanda nake jira ya kira ni. Ta yi mini shayi, ta goge mini takalmi, ta ajiye biro a kan fayil ɗin inda zan gani. Ni kuwa in ɗauki biron in sa a aljihu in tafi aiki.

Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika, matata ta tare ni a tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Baban yara, in ba za ka sa ba ka faɗa, in kai wa ƙanina ya sa." Na ce takarda irin wannan sai an buga mata hatimin kotu, in ba haka ba za su mayar da ita, kuma gobe zan kai da kaina. Ƙarya ce, babu inda aka rubuta haka. Amma wa zai yi musu da ni a kan hatimi? Na sa fayil ɗin a jaka na fita da shi.

Ranar Juma'a ce ta ƙarshe. Da sassafe na ce an yi rasuwa, surukin wani abokin aikinmu, a wani ƙauye bayan Mutum Biyu, dole in je. Mamacin ko fuskarsa ban sani ba. Na zauna a ƙarƙashin rumfa ana ta waƙoƙin coci, ruwan sama yana ɗiga ta ɓular tamfol, jakar tana kan cinyata. Wayata ta yi ta ruri har na kashe ta. Sai ranar Lahadi na dawo, na ce hanya ce ta lalace, kuma babu sabis a ƙauyen.

Na shirya wa kuka da faɗa, har na tanadi amsoshi a mota. 'Yata ba ta yi ko ɗaya ba. Ta karɓi jakata kamar kullum, ta ce sannu da hanya, ta kawo mini ruwa. Uwarta ce ta yi kwana uku ba ta ce mini uffan ba, tuwo ma sai ta aiko ƙaramar ta ajiye. Na ce a raina za su huce, kuma nan da shekara guda, in abokina ya juya kwas ɗin, kowa zai ga wanda ya san abin da yake yi.

Na kai ta jami'ar kusa da kaina. Abokina ya karɓe mu hannu bibbiyu, matarsa ta yanka mana kaza, ya zaga da mu ofis-ofis yana cewa wannan 'yarsa ce. Ko layi ba mu bi ba. Na dawo Jalingo ina jin kaina, na ba da labarin a ofis ya fi sau goma.

Kafin shekarar ta ƙare aka naɗa sabon shugaba a jami'ar, ya zo da mutanensa. Aka ɗauke abokina daga rajista aka kai shi kula da wani reshe a bayan gari, inda ba ya iya juya ko kujera. Ba mugu ba ne, ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kai ta wurin mutum biyu ko uku. Aka ce mata gurbin likitanci ya cika, kuma in an sami sarari 'yan jiha za a fara dubawa. Makinta ya fi na kowa a sashensu, aka ce ana dubawa. Ta koma, aka ce shugaban sashe ya yi tafiya. Da ta gaya mini haka a waya sai da na nemi wuri na zauna, don na san ma'anar kowace kalma. A shekara ta biyu tallafin rabin ma aka ce babu halin sabunta shi. Abokina ya fara jinkirin ɗaukar wayata, daga baya ni ma na daina kira, don kunya ta hana mu duka biyun.

Ta gama karatun da sakamako mai kyau ƙwarai, a fannin da ba ta nema ba. Ta so ta sake farawa daga tushe, amma ƙannenta uku sun taso, kuma irin tallafin nan ga masu fitowa daga sakandare ake ba shi, ba ya dawowa. Ita da kanta ta ce a bar maganar.

'Yar mai doya kuwa ta tafi, ta yi kuka a watan farko saboda barkonon abincinsu, ta saba. Ba a taɓa riƙe mata ko sisin tallafin ba har ta gama. Ta yi zazzaɓi sau biyu, 'yan ɗakinsu suka kai ta asibitin makaranta, ta warke, ba wanda ya mutu. Duk Kirsimeti in ta dawo sai ta zo gidanmu, su shige ɗaki da 'yata su yi ta hira, ni kuwa in sami dalilin fita. Har yau in na bi ta layin 'yan doya uwarta sai ta kira ni, ta ƙara mini ɗaya a kan abin da na saya, ta gaya wa maƙwabtanta cewa ni ne na buɗe wa 'yarta hanya. Na gwada canza layi, ta aiko mini da doyar gida. Sa'ar yarinyar nan ɗaya ce, ba ta da uban da zai zauna ya yi mata nazari.

Ina jin haushin abubuwa da yawa, kuma ba zan ɓoye ba. Ina jin haushin wanda ya zo na bakwai aka ɗaga shi, da duk waɗanda suka koya mini cewa ƙoƙari ba ya kai mutum ko'ina. Ina jin haushin ƙasar da za a yi maka adalci sau ɗaya ka ɗauka tarko ne. Amma duk in na gama zagayen nan, a kaina nake dawowa, domin su ba su san 'yata ba, ni na san ta.

Yanzu tana aiki a wani shagon maganin dabbobi da abincin kaji kusa da kasuwa. Mai shagon likita ne, amma yawanci yana fita rugage, ita ke zama. Ta yi aure, tana da ɗa ɗaya, kuma ba ta taɓa fasa kula da ni ba. Maganin hawan jinina ita take saye. Sai dai tun daga waccan shekarar ba ta sake kawo mini wata magana don in ba da shawara ba. Aikin nan sai da ta fara shi na ji. Mijin ma sai da suka gama magana da uwarta aka sanar da ni ranar da zan sa babbar riga. Ban taɓa ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Sau da yawa na shirya kalmomin, in na gan ta sai in tambayi lafiyar yaro.

Bayan na yi ritaya zaman gida ya ishe ni, nakan je shagon in zauna a benci in ga mutane. Wata safiya wani dattijon Bafulatani ya shigo da sandarsa, ya ce saniyarsa ta daina cin ciyawa, tana dalalar da yawu, tana ɗingishi. Ta yi masa tambayoyi huɗu ko biyar, rabi da Hausa rabi da Fulatancin da ta tsinta a wurin kakanninta. Ta gaya masa abin da take zato, ta ce ya ware ta daga sauran tun yau, amma allura sai likita ya dawo ya gani da idonsa, ita ba ta da izinin rubutawa. Ya ce ai wancan karon ma abin da ta faɗa shi likitan ya zo ya maimaita. Ya juyo ya gan ni, ya tambaya ko ni wane ne, ta ce mahaifinta ne.

Dattijon ya jingine sanda, ya kama hannuna da nasa biyu, yana godiya da Fulatanci. "Usoko, Baba, usoko. Kai ne baban Dokta? Allah ya biya ka. Mutane da yawa ba ya barin 'ya mace ya yi karatu mai nisa, kai ka bari. Ka yi ƙoƙari."

'Yata tana bayan teburin shagon, hannunta a kan buhun dusa, ta ɗago ta dube ni. Babu fushi a fuskarta. Jira kawai take ta ji abin da zan ce, kuma ta ba ni lokaci mai yawa, har dattijon ya fara duban mu ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Amin, na gode."

Ta mayar da idonta kan dattijon, ta ce, "Baffa, ni ba dokta ba ce. Ban samu na karanta ba. Ka dawo da la'asar, zai zo."